Idan Banki Ya Ce "Bayananka Ba Su Zo Ɗaya Ba": Yadda Ake Gyaran Layi, NIN, BVN da Rahoton Bashi a Sakkwato

"Bayananka ba su zo ɗaya ba." Da wannan maganar ake sallamar mutane da yawa daga teburin kwastoma a bankunan Sakkwato, kuma ita ce manhajar waya kan rubuto da jan rubutu idan ta ƙi buɗe wa mutum asusu. Abin haushin, ba a cika faɗa maka wane bayani ba ne, balle inda ya saɓa. Sai ka koma gida kana zaton na'ura ce ta samu matsala, ka dawo wani makon a maimaita maka. Wanda ya taso daga Gada ko Kebbe kuwa, kuɗin mota kaɗai ya ishe shi baƙin ciki.

Sunanka ba a wuri ɗaya yake ajiye ba, tushen rikicin ke nan. Kamfanin layin wayarka yana da nasa rubutun. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, tana da nata a ƙarƙashin lambar NIN. Lambar BVN ta tantance masu asusun banki, da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, tana hannun NIBSS, kamfanin da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna. Bankinka yana da fom ɗin da ka cike ranar buɗe asusu. Sannan ga kamfanoni uku masu lasin tattara bayanan bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Kowane ɗayansu tambayar ɗan'uwansa yake yi, kuma babu mai ikon taɓa rumbun wani. Ma'aikacin banki ba zai iya canza ko harafi ɗaya a NIN ɗinka ba, komai daɗin bakinka, komai faɗanka.

Saboda haka gyaran yana da jeri: layin waya, sai NIN, sai BVN, sai asusu, daga ƙarshe rahoton bashi. Mai ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa ba ya fara yashe hanyar ruwa daga wutsiya alhali bakin a toshe yake. Yawancin masu wahala a wannan harka daga wutsiya suke farawa, wato daga banki, don can ne aka fara ce musu a'a.

Mataki na farko: baza takardunka ka gano ɓarakar da kanka

Kafin ka hau mashin zuwa ko'ina, zauna a gida ka fito da duk wata takarda mai sunanka: takardar NIN, katin zaɓe, fasfo, lasin tuƙi, takardun makaranta, takardar ɗaukar aiki in kai ma'aikaci ne. Idan ka manta lambobinka, danna *346# don NIN, da *565*0# don BVN. Ana cire ɗan kuɗi daga katin wayarka, kuma sai a kan layin da aka yi rajistar da shi suke aiki. Kowacce lamba 11 ce. Amma *565*0# lambar kawai zai ba ka, ba zai nuna maka abin da ke rubuce a cikinta ba. Wannan sai ka nemi bankinka ya buga maka takardar bayanan BVN, ko ma'aikacin ya juyo maka fuskar kwamfuta ka kwafa harafi da harafi. Haƙƙinka ne, kada ka ji nauyin tambaya.

Samu farar takarda ka rubuta abu huɗu daga kowacce: yadda aka rubuta suna, jerin sunayen, ranar haihuwa, da lambar waya.

A nan ne namu ya fi na kowa rikicewa. A ce mutum sunansa Muhammadu, mahaifinsa Bello, mutumin Gwadabawa. A firamare an rubuta masa Muhammadu Bello. A sakandare malami ya ƙara masa sunan gari don a bambanta shi da sauran masu sunan a aji, ya zama Muhammad Bello Gwadabawa. Yaron da ya yi masa rajistar BVN ya rubuta Mohammed. A NIN kuma aka sa Bello a gurbin sunan yanka, Muhammad a gurbin sunan mahaifi. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Ƙara da masu amsa laƙabi: Abubakar da ya ba da Garba, Usman da ya ba da Shehu, Umar da ya ba da Sanda. Ga masu ɗigon sama a suna, irin su Sa'idu, Mu'azu da A'isha, waɗanda wata na'urar ke karɓa wata ta ƙi, wata kuma ta raba sunan gida biyu. Akwai ma wanda aka cusa masa Alhaji a gurbin suna.

Mata nasu ya fi zafi. A al'adarmu mace ba ta barin sunan mahaifinta don ta yi aure, amma sau da yawa miji ne ke cike fom ɗin buɗe asusu, sai ya sa sunansa. NIN na ɗauke da sunan uba, BVN na ɗauke da na miji. In aure ya mutu ko mijin ya rasu, sai a bar ta da suna biyu da kuɗin da ba ta iya taɓawa.

Ranar haihuwa kuma, dubi yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu don ba su san ranar ba, sannan a wani wurin suka faɗi wata daban. Akwai wanda aka juya masa rana da wata, 05/08 ta koma 08/05. Akwai kuma wanda ya rage shekaru don neman aiki, ya manta da nawa ya rage.

Idan ka gano ɓarakar, zaɓi rubutu ɗaya da za ka tsaya a kai har abada. Shawarata: bi takardar da ta fi wuyar canzawa. Ɗalibi ko ma'aikaci ya bi abin da ke kan takardun jarabawarsa da na fanshonsa. Mai fasfo, musamman mai niyyar aikin Hajji ko Umara, ya dubi fasfonsa, tunda yanzu ba a yin fasfo sai bayanai sun dace da NIN. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya bar NIN yadda take in dai ba kuskure ne mai muni ba, ya jawo BVN ta bi ta. Ya fi sauƙi, ya fi araha. Kada ka tsaya jayayya a kan cewa Muhammad ya fi Mohammed zama daidai. Gaskiyarka, amma ba ita ake tambaya ba.

Mataki na biyu: layin waya

Kusan kowane gyara da ke gaba sai an turo maka lambar sirri ta tes, wadda ake kira OTP, kuma layin da ke cikin rajista ake tura wa, ba wanda ke hannunka ba. In layin ya ɓata ko an sace wayar, je ofishin kamfanin da kanka da takardar NIN ka yi walkam-bak, wato a ba ka sabon sim da tsohuwar lambarka. In kuwa ka daɗe ba ka amfani da shi, kira shi ka ji. Kamfanoni kan sake sayar da layin da aka yi watsi da shi wata da watanni, kuma wanda ya saya shi ne zai riƙa ganin saƙon shigar kuɗinka. Idan haka ta faru, layin ya tafi. Sai ka sa canjin lamba cikin abubuwan da za ka gyara a NIN da BVN, ka kuma gaya wa bankinka nan take ya daina tura saƙo can.

Duba kuma ko da sunanka aka yi rajistar layin. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN, kuma mutane da yawa a ƙauyuka sun haɗa nasu da NIN ɗin ɗa ko ƙane don a buɗe musu da sauri. Layin yana aiki, amma a rubuce ba naka ba ne, ranar da ya ɓata ba kai za a ba wa ba. Sayi layi da NIN ɗinka, ka mai da shi na harkar banki kaɗai, ka riƙa sa masa kati lokaci zuwa lokaci don kada ya mutu.

Mataki na uku: NIN

In NIN ɗinka daidai take, tsallake wannan.

Rajistar farko kyauta ce, gyara ne ake biya. Tun 2024 NIMC ta mai da yawancin gyare-gyare kan shafinta na intanet na gyara da kanka, inda za ka shiga da NIN da imel, a ɗauki hoton fuskarka, ka ɗora takardu, ka biya. A farashin da hukumar ta sanar a watan Mayun 2025, gyaran suna, adireshi ko lambar waya naira 2,000 ne kowane gurbi, gyaran ranar haihuwa kuma naira 28,574. Duba farashin ranar a shafin kafin ka biya, kuma ta shafin za ka biya, ba a hannun wani ba.

Gyaran harafi ko jerin suna yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, wadda ake yi a gaban jami'in rantsarwa a Babbar Kotu. Canjin suna gaba ɗaya, kamar cire sunan miji a mai da na uba, yakan haɗa da sanarwa a jarida, da takardar aure ko ta saki in ita ce dalili. Ka karanta takardar rantsuwar kafin a buga mata hatimi. Masu buga takardu a bakin kotu suna da tsohon rubutu a kwamfuta, suna kawai suke canzawa, kuma ba abin mamaki ba ne ka fito da sabon kuskure a cikin takardar da ka yi don gyara tsoho.

Ranar haihuwa ita ce mai tsauri. Sai da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa: takardar haihuwa ga waɗanda aka haifa bayan 1992, takardar shaidar shekaru ga waɗanda suka girme haka. Sau ɗaya ake yarda a canza ta, don haka kada ka taɓa ta sai ka tabbata ranar da za ka sa ita ce a kan takardun makarantarka da na aikinka.

Yawancinmu a shagon intanet za mu yi wannan, ba laifi. Amma imel ɗin da za a buɗe ya zama naka, kalmar sirrin tana hannunka, ka tsaya a kan yaron har ya fita daga shafin. In ya yi amfani da imel ɗinsa, duk gyaran da za ka nema nan gaba sai ka nemo shi. Abu ɗaya kuma da ba a yi ko da wasa: sake sabuwar rajista don a guje wa gyara. Na'ura za ta gane yatsunka, ka shiga jerin masu rajista biyu, wanda fitarsa ta fi gyaran suna wuya nesa ba kusa ba.

Bayan an amince da gyaran, buga sabuwar takardar NIN. Ka ɗan jinkirta kafin ka nufi banki, domin wani lokaci sabon bayanin ba ya bayyana a na'urarsu a ranar.

Mataki na huɗu: BVN da asusu

BVN ɗaya ce ga mutum ko asusunsa goma ne, kuma a banki ake gyara ta, da kanka, ba aike. Mafi sauƙi ka je bankin da ya yi maka rajistar tun farko. Riƙe sabuwar takardar NIN, takardar rantsuwa, jaridar in akwai, da kwafin kowacce, saboda mai kwafi na bakin banki zai yi maka tsada, ya san kana cikin matsi. Nemi fom ɗin gyaran BVN, ka cike shi da manyan baƙaƙe daidai da yadda yake a NIN, gurbi da gurbi. Sunan da ke gurbin farko a can shi ne a gurbin farko a nan.

Irin hirar da za ka ji a teburin ke nan kusan kowace safiya. Dattijo ya miƙa takarda yana cewa, "Ɗiyata, mi anka ce ya ɓaci? Sunan ga shi uwayena sunka raɗa min." Ita kuma ta ce, "Baba, sunanka lafiya lau yake, rubutun ne ya bambanta." Ya ce, "To ki gyara mana, ga alƙalami nan hannunki." Daga nan sai magana ta tsaya, don shi bai san ba ta da iko ba, ita kuma layi ya yi mata tsawo. Tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce: "Ranki shi daɗe, wane gurbi ne bai dace ba, kuma tsakanin wace takarda da wace?" Wannan tana da amsa a kan kwamfutar da ke gabanta. In dattijon gidanku ne zai je, ku haɗa shi da wanda ya iya karatu.

Idan an gyara BVN, aiki bai ƙare ba. Kowane banki da kake da asusu yana da nasa rubutun, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka cike fom ɗin sabunta bayanai, har da asusun manhajar waya da kake karɓar kuɗin ciniki da shi. Tun sanarwar Babban Banki ta Disambar 2023, ƙaramin asusu na matakin farko sai da BVN ko NIN, na mataki na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun, kuma wanda bai cika ba ana iya hana shi cire kuɗi. Matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, na biyu 500,000. Shi ya sa mai albasa zai sayar da buhuna a turo masa kuɗi, ya ga saƙo ya shigo amma kuɗin sun maƙale. Ba sata aka yi masa ba, asusun ne ya yi wa kuɗin kaɗan. Ɗaga matakin asusunka kafin kaka, ba ranar da mai mota ke jiran kuɗin dako ba.

Asusu na mataki na uku yana buƙatar shaidar adireshi, galibi takardar kuɗin wuta ta watanni uku na baya. A cikin tsohon gari, inda kwatance shi ne "shiyar wane, bayan masallaci, gida mai dogon yaro a ƙofa", wannan ma wani aiki ne. Ba dole takardar wutar ta zo da sunanka ba, adireshin ake dubawa. Rubuta shi yadda yake a takardar, ka ƙara da alamar da baƙo zai gane, ka kuma sanar da mutanen gida cewa wani zai zo tambaya. Sau da yawa mai tantancewa yakan zo, yaro a ƙofar gida ya ce bai san mai wannan suna ba don da laƙabi ya san babansa, shi ke nan a rubuta ba a same ka ba.

In na'ura ta ƙi yatsa ko fuska

Manomi, magini, majemi, mai dakon siminti, da tsohuwar da ta shekara hamsin tana wanki da surfe, duk zanen yatsunsu yakan shafe. Hunturu yana ƙara busar da fata ta tsage. Kwana biyu kafin ka je, riƙa shafa mai da dare, amma ranar zuwa wanke hannu ka goge, don maiƙo ma yana hana na'ura gani. In yatsan ya bushe ƙayau, huro masa iska daga baki ko ka ɗan goga shi a goshi, sannan ka ɗora a hankali ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Mata su guji zuwa da sabon lalle a kan yatsu, a bari ya dushe. In an gwada duka goma abin ya ƙi, nemi a kai ka wurin shugaban sashen, domin akwai tanadin da ake yi wa masu irin wannan lalura, sai dai ba a teburin gaba ake yanke shi ba.

Hoton fuska da manhajoji ke nema kuma, ana gwada shi ne da hoton da ke BVN ko NIN, wanda wataƙila an ɗauke shi kana saurayi ba gemu. Tsaya a inuwa kana fuskantar haske, kada rana ta kasance a bayanka. Goge idon kyamara, cire tabarau da hula, rawani ma a ɗaga shi daga goshi da haɓa. Hijabi ba ya hanawa muddin fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. Mai niƙabi ta yi a cikin ɗaki, a banki kuma ta nemi mace ta ɗauke ta. Kada ka yi ta maimaitawa in ya ƙi, wasu manhajojin kan rufe mutum bayan 'yan gwaji.

Mataki na biyar: rahoton bashi

Wannan shi ne wanda mutane ba su san da shi ba sai ranar da aka hana su. Ka gyara komai, ka nemi bashin albashi ko jarin kasuwa, a ce maka "sunanka yana da matsala a biro", wato kamfanin tattara bayanan bashi. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su duba rahoton aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan uku kafin su ba da bashi. Bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma suna dubawa kafin su sayo maka kaya su sayar maka a kan biya sannu a hankali. Don haka wanda ya ce shi ba ya cin bashin ruwa, ruwansa ne ya san abin da aka rubuta a kansa.

Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga kowane kamfani. Hedikwatocinsu duk a Legas suke, ta shafinsu na intanet ko imel ake nema. Za su tambayi BVN, cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya da hoton katin shaida, kuma a nan ne wanda bai bi jerin da ke sama ba zai sake cin karo da bango: za a ce ba a iya tantance shi ba, ko a tura lambar sirri layin da ya mutu. Nemi na ukun duka, domin wani mai ba da bashin kamfani ɗaya yake kai wa rahoto, abin da babu a nan yana iya kasancewa a can.

Idan rahoton ya zo, kada idonka ya tsaya a kan makin da ake ba mutum gwargwadon yadda yake biyan bashi. A CRC makin daga 300 ne zuwa 850, amma shi sakamako ne kawai. Karanta jerin basussukan layi-layi: wa ya bayar, yaushe, nawa, saura nawa, kwana nawa aka makara. Karanta kuma jerin waɗanda suka nemi ganin rahotonka. Abin da za ka tarar yakan faɗa ɗaya daga cikin huɗu.

Na farko, bashin da ka biya amma ba a rufe ba. Wani lokaci 'yan canji ne suka rage, kuɗin hidima ko ruwan kwanakin ƙarshe, suka yi ta hayayyafa. Je wurin wanda ya ba ka bashin, biya ragowar in gaskiya ce, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai hatimi da sa hannu, ka kuma nemi a rubuce su sabunta bayaninka a kamfanonin uku.

Na biyu, bashin da ka ɗauka kyauta ce. Mutane da yawa a jihar nan sun karɓi rancen noma na shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kabi a 2015, ko rancen korona na 2020 ta bankin NIRSAL, suna ce masa tallafi. Bashi ne, kuma yana nan a kan BVN. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka, a kowane banki, in ka sa hannu a kan yarjejeniyar lokacin karɓa. Wannan ba a gyara shi da ƙorafi, sai dai ka je a tsara maka yadda za ka biya. Haka wanda ya tsaya wa wani, ko ya ba shugaban ƙungiya BVN ɗinsa "a cika suna".

Na uku, bashin wani mai irin sunanka da aka liƙa maka. A garin da masu suna Abubakar Umar ba sa ƙirguwa, wannan yana faruwa, musamman a tsofaffin basussukan da aka bayar kafin zuwan BVN. Gwada ranar haihuwa, lambar waya da reshen bankin da ke jikin bashin da naka.

Na huɗu shi ne mafi muni: wani ya ci bashi da bayananka. Ta nan ne ake cin waɗanda suka sayar da NIN da BVN da hoton fuskarsu a kan 'yan kuɗin cefane, abin da EFCC ta yi gargaɗi a kansa a 2025, da waɗanda aka kira a waya aka ce daga banki ne za a "sabunta BVN" suka karanto lambar sirri. Banki ba ya neman OTP ko lambar katinka ta waya, ko da mai kiran ya faɗi sunanka da na kakanka. In ka ga bashin da ba ka san da shi ba, kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, ka yi rantsuwa a kotu cewa ba kai ka ci ba, sannan ka haɗa su cikin ƙorafinka.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, kamfanin bayanan bashi ba shi ya ƙirƙiri bayanin ba, kawo masa aka yi, kuma ba zai goge ba sai wanda ya kawo ya tabbatar. Don haka ƙorafi biyu za ka shigar a rana ɗaya: ɗaya ga mai ba da bashin, ɗaya ga kamfanin, kowanne da kwafin shafin rahoton da ka ja wa layi a ƙarƙashin bashin da kake musu. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya "wanke maka suna" ta bayan fage, ɗan damfara ne. Bashin gaskiya da aka makara biya yana zama a tarihi shekaru, abin da ake canzawa shi ne a nuna an biya.

In an yi maka shiru

Maganar baki ba ta da rasit. Rubuta ƙorafinka a takarda: sunanka, lambar asusu, abin da ya faru, ranar da ya faru, da abu ɗaya tak da kake so a yi. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka nemi lambar ƙorafi. Bankuna suna da wajibcin ba ka ita. In ma'aikaci ya ce "ka bari za mu kira ka", ce masa, "Na gode Malam, amma a taimaka min da lambar."

Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka sami damar kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, ta imel ɗinsu cpd@cbn.gov.ng ko ta wasiƙa a reshen Babban Bankin da ke nan Sakkwato. Za su fara tambayar shaidar cewa ka kai wa bankinka kuka, a nan kwafin mai hatimi zai yi maka rana. Kada ka rubuta lambar sirrin katinka a cikin wasiƙar. Manhajojin bashi masu tura wa 'yan'uwanka saƙon cin mutunci, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ake kai su. Wanda ya yi amfani da bayananka ba da izininka ba, akwai hukumar NDPC da dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa. Jan ƙafa a ofishin gwamnati kuma, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana da ofishi a jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

Ko an ce maka an gyara, kada ka sake neman bashin a makon. Masu ba da bashi wata-wata suke aika bayanai, don haka bari wata guda ya zagayo, sannan ka sake karɓar rahoton daga kamfanin da matsalar ta fito. Wannan karon mai yiwuwa za ka biya, tunda ka ci na kyautar shekara. In bashin yana nan yadda yake, tura wa kamfanin takardar shaidar biyan da lambar ƙorafinka na farko, ka sa imel ɗin mai ba da bashin a cikin saƙon don kowa ya ga kowa.